Alluna Talatin da Huɗu

Tana can ƙololuwar tsani, biro a baki, littafi a hannu, sai ta ji murya daga ƙasa.

"Malama, don Allah sauko."

Ta leƙo. Wani dogon saurayi ne siriri, da tef ɗin awo a ƙugu da fensir a bayan kunne. Ba ma ita yake kallo ba, babban katakon da ke saman kanta ya zuba wa ido, ya haɗe gira.

Ta cire biron daga baki. "In sauko in yi me?"

"In hau. Minti biyu kawai."

"Layi ake bi, Malam. Na riga ka."

Ya yi dariya. Sai a lokacin ya dube ta, kuma duban ya ɗan zarce yadda ya kamata. Ya kama tsanin da hannu biyu ya riƙe mata har ta gama. Ita kuwa, Allah ya sani, sunaye biyar ɗin da suka rage mata sai da ta yi kuskure a uku.

Tsohon Gida ake ce wa wannan masaukin ɗalibai, don shi jami'ar ta fara ginawa shekara hamsin da suka wuce. Mata na ɓangaren hagu, maza na dama, kowa da ƙofarsa, a tsakiya kuma ga zaure. A zauren ake cin abinci, a nan ake taron gida duk ranar Laraba, a nan ake cacar baki kan wanda ya bar famfo a buɗe, a nan kuma ake shiryawa.

Ba jami'a ce ta gina zauren ba. Ɗalibai ne suka gina shi da hannunsu shekara talatin da huɗu baya, da suka gaji da cin abinci a tsaye a baranda, kuma mahaifinta ne ya ja gaba. Har gobe abokansa Magini suke ce masa, alhali likitan dabbobi ne, tun daga lokacin bai sake taɓa bulo ba.

Gidan na da al'ada guda. Duk rukunin da ya kammala karatu sai ya sa a sassaƙa sunayensa a allon katako, a rataye shi da sarƙa a jikin babban katakon da ya ratsa rufin zauren. Ka san ɗalibai da gasa. Allon farko, na su Abbanta, bai wuce faifan cin abinci ba. Na bara kuwa sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi, ga baki na tagulla, ga ado.

Ita tarihi take karanta, kuma ita aka zaɓa magatakardar gida, har sunan ya bi ta. An ɗora mata haɗa littafin tarihin gidan kafin bikin cika shekara hamsin, shi ya sa take kwafar sunayen. Shi kuma yana shekarar ƙarshe a fannin gine-gine. Mai Awo ake ce masa, don ko kofin shayi ka miƙa masa sai ya gaya maka faɗinsa.

Washegari ya dawo, wai ya zo taya ta. Shi ke hawa yana karanto sunaye, ita tana ƙasa tana rubutawa. In ya gama allo sai ya zaro tef ya auna wani abu a jikin katakon, ya rubuta a ɗan littafinsa.

"Kai wai me kake ta aunawa ne?"

"Aikin gaban kaina ne," in ji shi. "In na tabbatar zan gaya miki."

Ba ta damu ba. Hankalinta na kan yadda yake karanta sunayen mutanen da bai taɓa gani ba da girmamawa, kamar yana gaishe su.

Kafin wata ya zagayo, saƙonni sun fara zirga-zirga tsakanin hagu da dama.

"Magatakardata, kin saka ni a tarihin gida kuwa?"

"Sai ka yi abin tarihi tukuna."

"Na riƙe tsani awa uku ban yi ƙorafi ba."

"An rubuta. Shafin ƙarshe, ƙasa da mai gyaran famfo."

"Na yarda. In dai da hannunki aka rubuta, ko a bangon baya ne."

Abokiyar ɗakinta, wadda duk gidan ke kira Rediyo don labari ba ya kwana a bakinta, ta gan ta tana murmushi ita kaɗai da waya, ta tafa hannu. "Oh ni! Tarihi ya haɗu da siminti. Allah ya nuna mana ranar."

Ba ta musa ba. Sonsa take yi, kuma ba ta ga dalilin ɓoyewa ba.

Shi ma ba mai noƙe-noƙe ba ne. Wata ranar Juma'a da yamma, a kan bencin da ke ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ya ce mata, "Ni fa ba wasa ya kawo ni ba. Ina gama jarrabawa nake so manyana su je wajen Abba. Kin amince?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai da ba ka yin abu sai ka auna, ka auna ni ne?"

"Na gwada, Hasken raina. Tef ɗin bai kai ba."

Ta gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Abba. Da Abba ya ji ɗan Tsohon Gida ne, baki har kunne. "Ɗan gida? To ai magana ta ƙare. Gidan nan ba ya fitar da ɗan banza."

Mutum ɗaya ne labarin bai yi wa daɗi ba, shi ne shugaban ɗaliban gidan. Shugaba ɗan gayu ne mai iya magana, ya daɗe yana zagaye ta, tana kaucewa cikin mutunci. Saboda shirin biki yana yawan waya da Abba, wanda ke jagorantar tsofaffin ɗalibai, har Abba na ce masa yaron kirki.

Saura wata biyu biki, ranar wata Litinin da safe, aka tashi aka ga ƙaton kwaɗo a ƙofar zaure, da takardar sashen ayyuka na jami'a manne a jiki: an rufe har sai abin da hali ya yi.

Gidan ya ɗauki zafi. Aka koma cin abinci a baranda, kowa na ƙunƙuni. Kafin azahar Rediyo ta faɗo ɗaki tana haki.

"Ke! Kin san wa ya kai rahoto? Mutuminki! Da sa hannunsa da komai. Shugaba na can yana cewa wai so yake a rushe zauren don ya samu abin rubutawa a aikinsa na ƙarshe."

 Ba ta tsaya saka takalmi mai kyau ba, da silifa ta fita ta same shi a bakin ɗakin karatu.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne ni na rubuta. Maganar rushewa kuwa ƙarya ce." Bai kawar da ido ba. "Katakon ya tsage ta sama, inda ba a gani. Sau biyu ina samun Shugaba, yana cewa in bari sai bayan biki. Ba zan iya bari ba."

"Ni kuma fa? Ni da nake tsaye a ƙasa ina rubutu kana aunawa? Ka ce in ka tabbatar za ka gaya mini."

Nan ya sunkuyar da kai. "Na faɗa, kuma ban cika ba. Na ji tsoron in tsayar da ke tsakanina da Abba. Na yi kuskure, ki yafe mini."

"To ai ga shi ka tsayar da ni, kuma a bakin Rediyo na ji."

Ta juya ta tafi, idonta ya cika taf.

Da yamma Abba ya kira. Tunda take ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

"Yaron da kika kawo mini ke nan? A kafaɗarmu muka ɗauko katakon nan, mu goma sha biyu, daga bakin titi har cikin gida. Biyar daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya. Yau wani yaro da bai gama koyon riƙe fensir ba zai rubuta wa jami'a cewa aikin banza muka yi?"

"Abba, ka karanta rahoton kuwa?"

"Ba na bukata! An gaya mini abin da ke ciki. Ki ji ni da kyau: muddin sunansa na kan takardar nan, kada wani nasa ya tako mini gida. In yana son ki, ya je ya janye."

Ta daɗe riƙe da wayar. Ta san Abbanta, in ya kafa ƙafa, sai dai a zagaya shi. Ta kuma san kanta, ba za ta yi aure ba da yardarsa ba. Ta rubuta wa Mai Awo:

"Abba ya ce sai ka janye rahoton, in ba haka ba babu maganar aure. Za ka janye?"

Amsar ba ta ɗau minti biyu ba.

"A'a, Hasken raina. Ranar biki mutum ɗari uku za su zauna a ƙarƙashin katakon nan, har da Abba, har da ke. Ki ce in yi komai zan yi, ban da wannan. Ina son ki, kuma ba zan janye ba."

Ta yi kuka, ba ƙarya. Haushinsa take ji, kuma wani sashe na zuciyarta na cewa da ya ce zai janye, da ya faɗi a idonta. Kwana uku ba ta amsa masa ba. Ta duƙufa kan aikin littafi don ta samu abin da zai ɗauke mata hankali.

A rana ta uku ta kai ga hotuna. Kowane rukuni kan tsaya a zaure ya ɗauki hoto ranar rataye allonsa, a wuri guda, taga ta tsakiya a bayansu. Ta jera su a kan gado bisa shekaru don ta zaɓi na bugawa, tana kallon yadda wanduna ke faɗi suna tsukewa, yadda gashin kai ke tashi yana sauka. Sai idonta ya sauka a kan tagar.

A hoton su Abba, tsakanin katakon da saman taga akwai fili, mutum zai iya zura kai. A na shekara goma bayan nan, filin ya ragu. A na shekara ashirin, ɗan siriri ne ya rage. A na bara, katakon ya rufe saman tagar gaba ɗaya.

"Rediyo, zo ki gani! Ko idona ne?"

Rediyo ta duba, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A ƙarƙashin wannan muke cin abinci?"

Ranar Asabar ta hau mota ta tafi gida da hotunan a jaka da kwafin rahoton. Ta tarar da Abba a ɗan asibitinsa na bayan gida, yana wanke hannu bayan ya gama yi wa wata akuya allura. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a daƙile.

"In maganar yaron nan ce ta kawo ki, koma."

"Aikin da kuka ba ni ne ya kawo ni, Abba. Tarihin gida."

Ta share teburin magunguna, ta jera hotunan ɗaya bayan ɗaya. Bai yi niyyar dubawa ba, amma da ya ga kansa yana saurayi da uban gashi, sai ya matso ya saka tabarau. Ya fara nuna mata fuskoki yana kiran laƙabinsu, har murmushi ya kufce masa.

"Abba, kalli tagar," ta ce a hankali.

Ya kalla. Ya bi hotunan da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa. Murmushin ya tafi.

"Ba zan aure shi ba sai da yardarka," ta ce. "Amma ba zan ce ya janye ba, don ni ma na gani da idona. Kuma babu inda ya ce aikin banza kuka yi. Ga rahoton, shafi huɗu ne kacal."

Umma da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Karanta mana, Likita. Jarida ma da ba ta shafe ka ba kana karance ta har tallan baya."

Abba ya harare ta, ya karɓi takardun. Ya karanta su har ƙarshe. Sannan ya cire tabarau.

"Ki ce masa ya same ni a zauren ranar Laraba. Ya nemo mabuɗi."

A mota ta rubuta masa saƙon farko bayan kwana biyar: "Abba zai zo Laraba. Ka sa riga mai guga. Har yanzu ina fushi, amma kaɗan."

"Ko kaɗan ɗin ma ki bar mini, zan lallashe shi da kaina," ya amso.

Ranar Laraba da hantsi ma'aikacin sashen ayyuka ya buɗe kwaɗon. An riga an tokare katakon da ƙarafa uku. Allunan na nan reras a sama, talatin da huɗu. Shugaba ma ya zo, yana ta rawar jiki a bayan Abba.

Mai Awo ya durƙusa ya gaida Abba. Abba bai amsa da baki ba, tsani ya nuna. "Kafa."

"Abba, gwiwarka," in ji ta.

"Da gwiwar nan na hau na ɗora shi."

Ya hau a hankali, Mai Awo na biye da shi ta ɗaya gefen. Daga ƙasa ta ga Abba ya leƙa saman katakon, ya zura yatsunsa huɗu cikin tsagar, suka shige har gindi. 

"To faɗa mini a kan idona," ya ce. "Ina muka yi kuskure?"

"Ba ku yi kuskure a gini ba, Abba. Na lissafa sau uku. Rufi kuka ɗora masa, kuma da rufin kaɗai ne, zai kai jikokinmu. Allunan ne. Na bara kaɗai ya fi ni nauyi. In aka haɗa su duka, kamar a rataye masa shanu uku ne, dare da rana."

Abba ya juya ya dubi jerin allunan, daga ƙananan farko har manyan ƙarshe. Ya sa hannu ya shafa na farkon, ɗan siririn da fentinsa ya koɗe.

"Ni na buga ƙugiyar farko," ya ce. "Ni na ce kowa ya riƙa ratayewa, kada a manta da kowa."

"Ba za a manta da kowa ba, Abba. Bangon nan naku zai ɗauki ɗari. Shi ne abin da na roƙa a shafi na huɗu, a sa ƙarfe a sama, a mayar da allunan jikin bango."

Abba ya zare allon rukuninsu daga ƙugiya da hannunsa, ya rungume shi ya sauko. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya waiwayi Shugaba.

"Ya same ka sau biyu?"

Shugaba ya fara inda-inda. "Abba, wato biki ne ya matso, na ga kamar..."

"Ya isa. Je ka rubuta wa kowane rukuni, su turo mutum biyu ranar Asabar. Wanda ya rataye shi zai sauke abinsa."

Sannan ya juyo ga Mai Awo, wanda ke tsaye hannu a baya, gumi na bin wuyan rigar nan mai guga.

"Da ka janye, da tun makon jiya na ba ka ita, ina murna na ci nasara," in ji Abba. "Da kuma na tara abokaina da 'ya'yan mutane a ƙarƙashin wannan. Ka ce wa manyanka ƙofata a buɗe take."

Ita dai ba ta san lokacin da ta rufe fuska da mayafi ba. Rediyo, da ke leƙe ta taga, ta riga ta kai labari ɓangaren hagu kafin su fito.

Asabar ɗin nan gidan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Dattawa masu furfura da manyan mata masu jikoki suka cika tsakar gida, kowa na neman allonsa, ana rungume-rungume ana tsiya. 'Yan rukunin bara suka sha ba'a, don sai da mutum shida suka sauke nasu. Aka sa ƙarfe, aka jera alluna a bango, aka yi biki a ranar da aka sa, littafinta na hannun kowa.

Bayan jarrabawa da wata biyu aka ɗaura aure. Da aka zo tafiya da amarya, Abba ya kira su biyun falonsa. Ya yi musu nasiha kaɗan, don ya ce yaran da suka gyara masa kuskure ba sa bukatar doguwar huɗuba. Sannan ya dubi angon.

"Na ba ka 'yata ne don ka iya ce mini a'a lokacin da a'a ce gaskiya. Amma abu ɗaya: duk abin da ka gani a gidanku, daɗi ko ɗaci, ita za ta fara ji. Kada ta sake jin maganarka a bakin wani."

"Na yi alkawari, Abba."

"Ke kuma..."  Ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

"Likita, yau kuma kai ne da kuka?" in ji Umma, ita ma hawayen na zuba.

"Ƙura ce," in ji shi.

Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan mijinta. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare kuna gaya wa juna gaskiya."

Suka ce amin a tare, ita da shi, kuma tata ta fi ƙarfi.